Dogon hutu: Yadda ɗaliban sakandare za su samu wurin koyon makamar aiki ta hanyar sanayya

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, gidajen ma'aikata a Kubwa da Lugbe da Nyanya da Mararaba sukan shiga wani hali da kowa ya sani. Iyaye su yi sammako gudun cunkoson motoci, ba su dawowa sai bayan magariba. Yaran da suka kai babbar sakandare kuwa a bar su da waya da talabijin da majalisar ƙofar gida har tsawon makonni shida ko fiye. Waɗanda suka kammala aji shida ma nasu zaman ya fi tsawo, domin tsakanin jarrabawar WAEC da NECO da samun gurbin karatu a jami'a watanni ne masu yawa.

A daidai wannan shekarun ne kuma ake bukatar yaro ya yanke shawarar da za ta bi shi tsawon rayuwa. Tun yana shiga aji huɗu ake raba shi tsakanin ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci, kafin ya kai ga cike fom ɗin JAMB inda zai rubuta fannin da yake so. Da yawa sukan rubuta likitanci ko lauya ko injiniya ba tare da sun taɓa wuni ɗaya kusa da mai yin aikin ba. Gani ya kori ji: makonni biyu a ɗakin gwaje-gwaje, ko ofishin lauya, ko shagon haɗa sola, kan nuna wa yaro abin da shekara guda ta nasiha ba za ta nuna masa ba.

Babu ƙofar da aka tanada musu

Abin da ya sa batun ya zama mai wuya shi ne, manyan shirye-shiryen koyon aiki na ƙasar nan ba su sauko kan ɗan sakandare ba. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, ya fito da shirin SIWES a 1973, amma na ɗaliban jami'o'i ne da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Hidimar ƙasa ta NYSC, wadda ita ma ta fara a 1973, sai bayan an kammala digiri ko babbar difloma. A ƙasashe irin su Ingila da Jamus, makarantu da kansu kan tura ɗalibai wuraren aiki na mako ɗaya ko fiye tun suna sakandare. A nan gida, in ban da wasu makarantu masu zaman kansu da kwalejojin koyon sana'a, ba a saba da hakan ba.

Gaskiya ne manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta shigo da darussan sana'o'i 34, kafin sabon gyaran da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 ya taƙaita su zuwa fannoni shida, ciki har da haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta da ɗinki. Sai dai abin da ake koyarwa a allo ba ya zama sana'a sai hannu ya taɓa kayan aiki. Tun da babu tallar gurbi, babu fom, babu ofishin da za a je a yi layi, hanya ɗaya ta rage: wani ya san wani, ya yi masa magana.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka uba kan ɗauki ɗansa ya kai wa tela ko maƙeri ko ɗan kasuwa, ya ce ga amana, har ranar da za a yaye shi. Haka 'yan kasuwar Ibo suka gina dukiya da tsarinsu na yaron shago. Abin da ya sauya kawai shi ne irin wuraren aikin.

Na nesa ya fi kawo labari

Kuskuren farko da akan yi shi ne taƙaita nema ga uba da uwa da kawu. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa wata maƙala a 1973 bayan ya binciki yadda ma'aikata a wani gari kusa da Boston suka samu ayyukansu. Ya gano cewa waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, galibi ba aminansu na kullum ba ne suka ba su labari, mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake. Na kusa da kai abin da ka sani shi ya sani, wanda kuke gaisawa sama-sama kuwa yana yawo cikin wasu mutanen daban.

Don haka matakin farko takarda ce da biro. Ɗalibi ya zauna da iyayensa su jera sunaye kashi uku. Kashi na farko dangi da maƙwabta. Na biyu malaman makaranta, musamman malamin ba da shawara kan zaɓin sana'a, da iyayen abokan karatu da ake haɗuwa da su a taron iyaye da malamai, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Na uku mutanen da gidan ke hulɗa da su yau da gobe ba tare da an ɗauke su a matsayin hanya ba: mai kemis na unguwa, injiniyan da ya haɗa wutar gidan, akantan ƙungiyar adashen ma'aikata, wanda ake haɗa sahu da shi a masallaci ko ake zama kusa da shi a coci, da 'yan ƙungiyar ci gaban garinsu mazauna Abuja. A gaban kowane suna a rubuta sana'arsa, da kuma wanda zai iya gabatar da yaron gare shi.

Abuja ba ma'aikatun gwamnati kaɗai ba ce. Mai sha'awar na'urori yana da Banex a Wuse II. Mai son injiniyan motoci yana da garejin Apo. Akwai masu ɗab'i a Area 10, da kafintoci a Kugbo, da masana'antu a Idu, da kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Sau da yawa ƙaramin shago mai ma'aikata biyar ya fi babban ofishi koyar da yaro, domin a can za a miƙa masa aiki na gaske, a nan kuwa yana iya ƙarewa a kan kujera yana jiran a tashi.

Yadda ake roƙo

Iyaye ne za su buɗe ƙofa, amma yaron ne ya kamata ya shiga da ƙafarsa. Uba ya kira abokinsa ya nemi izini, daga nan ɗalibin ya je gaisuwa da kansa ko ya aika saƙo. Babba yakan fi sakin jiki da yaron da ya iya bayyana bukatarsa fiye da wanda aka yi masa komai yana tsaye a bayan mahaifinsa.

Kada roƙon farko ya zama neman gurbi. A fara da neman minti goma sha biyar na shawara. Ga misalin saƙon da yarinya za ta iya aika wa wata ƙawar mahaifiyarta mai ɗakin gwaje-gwaje: "Assalamu alaikum, Hajiya, ina wuni? Ni ce wance, 'yar Hajiya wance ta Kubwa. Ina aji biyar a ajin kimiyya, kuma ina tunanin karanta ilimin gwaje-gwajen lafiya. Mama ta ce in nemi izininki in zo in gaishe ki, in yi miki 'yan tambayoyi a kan aikin, duk ranar da kika samu sarari." Saƙon ya faɗi ko wace ce, da wanda ya haɗa su, da abin da take so, kuma bai ɗora wa Hajiya nauyin da za ta ji kunyar ƙi ba.

Idan aka samu ganawar, a je da tambayoyi uku ko huɗu a rubuce: yaya ranar aiki take, waɗanne darussa suka fi amfani, mene ne mafi wahala a sana'ar. Sai a ƙarshe, idan fuska ta samu, a nemi abu ƙarami mai iyaka, kamar zuwa kwana uku a mako na tsawon makonni biyu, daga safe zuwa azahar. Mutum yakan amince da abin da ya ga ƙarshensa. Idan ya ce babu hali, tambaya ɗaya ta rage, wadda ta fi kowace daraja: "Yallaɓai, ko akwai wani da za ka tura ni wurinsa?" Matambayi ba ya ɓata.

Yana da kyau ɗalibi ya riƙe takarda shafi ɗaya mai ɗauke da sunansa da ajinsa da darussan da ya fi ƙarfi a ciki da duk abin da ya taɓa yi, ko shugabancin aji ne ko muhawara ko taya mahaifiya lissafin shago. Wasiƙar gabatarwa daga shugaban makaranta tana ƙara nauyi. A kuma fara neman tun watan Mayu ko Yuni, kafin hutu ya zo.

Inda sanayya ta rabu da alfarma

Ga ma'aikacin gwamnati, musamman mataimakan manyan jami'ai, akwai iyakar da ya kamata a kiyaye. Gabatar da yaro ga tsohon abokin aiki wani abu ne, kiran ɗan kwangilar da fayil ɗinsa ke kan teburinka a ce ya ɗauki ɗanka wani abu ne daban. Na biyun ba roƙo ba ne, domin mutumin ba shi da ikon cewa a'a, kuma gobe zai zo karɓar tukwici. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'i sanya kansa inda bukatarsa za ta ci karo da aikinsa. Ma'auni mai sauƙi shi ne: duk wanda ke jiran sa hannunka, ko ƙarin girmansa ke hannunka, kada ka kai masa wannan bukata.

Haka nan kawo yaro ofis ba tare da izini ba yana da haɗari. Ma'aikaci ya yi rantsuwar riƙe sirri, yaro bai yi ba. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Hoto ɗaya na wata takarda da yaro ya ɗauka cikin wasa ya ɗora a WhatsApp ya isa ya jawo wa wanda ya kawo shi takardar tuhuma. Wanda ke son ɗansa ya ga aikin gwamnati ya rubuta ta hannun sashen kula da ma'aikata, a amince a rubuce, a kuma ajiye yaron a sashen da ba na takardun sirri ba, kamar ɗakin karatu ko sashen hulɗa da jama'a.

Tsaron yaro kafin komai

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma hana ci da guminsa. Dokar Ƙwadago ta hana ɗaukar wanda bai kai 15 ba aiki a masana'anta, ta hana sanya wanda bai kai 16 ba aikin inji, ko aikin da ya wuce awa takwas a rana. Sanayya ba ta ɗauke wa iyaye nauyin bincike. Su je su ga wurin da idonsu, su san wanda zai riƙa kula da yaron, su tsayar da lokacin zuwa da na tashi. Ga 'ya mace, a fi son inda akwai mata ma'aikata, kuma a gaya mata sarai cewa duk abin da ya sa ta ji ba daɗi ta faɗa, ko da aminin babanta ne. A yi maganar kuɗin mota tun farko, domin zirga-zirga daga Mararaba ko Gwagwalada zuwa cikin gari ba ƙaramin kuɗi ba ne. Duk wanda ya nemi a biya shi kafin ya samo gurbi, musamman a intanet, a guje shi.

Bayan an samu

Abin da ake nema a wurin yaro bai wuce zuwa a kan lokaci, da shiga mai mutunci, da ajiye waya, da riƙe littafin da zai rubuta abin da ya koya kullum ba. Idan ya yi sakaci, sunan wanda ya gabatar da shi ne ya ɓaci, kuma ƙofar ta rufe wa na bayansa. Ranar ƙarshe ya yi godiya ga kowa har da masinja da mai gadi, ya nemi 'yar takardar shaida, sannan kada ya yanke gaisuwa. Zumunci a ƙafa yake. Mutumin da ya karɓe shi yana aji biyar shi ne zai iya sama masa wurin SIWES bayan shekara huɗu ko biyar. Ko da ya fito yana cewa aikin bai yi masa ba, an ci riba, domin gara ya gane haka yanzu da ya gane a aji uku na jami'a.

Saura magana ɗaya. Ɗan darakta ba zai rasa wanda zai kira masa waya ba. Wanda ke rasawa shi ne ɗan direba, da 'yar mai shara, da ɗan masinjan da ke kai fayil daga hawa zuwa hawa a Sakatariyar Tarayya. Cikinsu akwai masu ƙwazon da ya zarce na 'ya'yanmu, sai dai jerin sunayen da za su rubuta a takarda gajere ne. Ma'aikacin da zai ɗaga waya don ɗansa a wannan hutun, babu abin da zai rage masa idan ya tambayi direban ofishinsu ko yana da yaro a sakandare, ya ambaci suna biyu maimakon ɗaya.