Apache HTTP Server

Apache HTTP Server manhaja ce ta sabar yanar gizo, wato manhajar da ke karɓar buƙatar mai bincike a intanet ta aika masa da shafin da ya nema. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya karanta shi, ya gyara, ya rarraba. Tana cikin tsofaffin manhajojin intanet da har yanzu ake amfani da su.

Tarihi

An fara fitar da Apache a shekarar 1995. Tushenta wata manhaja ce mai suna NCSA HTTPd da Rob McCool ya rubuta a Jami'ar Illinois ta Amurka. Da ya bar aikin, sai wasu masu kula da shafuka, ciki har da Brian Behlendorf, suka haɗa gyare-gyarensu wuri guda suka ci gaba da ita. Daga 1996 ta zama sabar da aka fi amfani da ita a duniya, ta kuma riƙe wannan matsayi shekaru da dama. A 1999 aka kafa gidauniyar Apache Software Foundation don ta riƙe aikin.

Dalilan ɗorewarta

Babu kamfani ɗaya da ya mallaki Apache. Wani kwamiti na masu aikin ne ke yanke shawara ta hanyar ƙuri'a, don haka ficewar mutum ɗaya ko rushewar kamfani ɗaya ba ta kashe manhajar. Lasisinta ya ba kowa damar ɗaukar rubutun ya ci gaba da shi. Abokiyar gasarta, Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, ta bi wata hanya dabam: kamfanin F5 ya saye kamfanin da ke kula da ita a 2019.

Sauyi a Apache a hankali yake zuwa. Jerin 2.4 ya fito a 2012, kuma a kansa ake ta ƙara gyara, har da tallafin HTTP/2 da aka shigar a 2015. Wannan ya sa shafukan da aka kafa tun da daɗewa ke ci gaba da aiki ba tare da an sake gina su ba.

Haɗari

Tsufan manhaja ba ya nufin ba ta da kuskure. A Oktoban 2021 an gano wata ɓaraka a siga ta 2.4.49 da ke iya ba masu kutse damar karanta fayilolin da bai kamata su gani ba. Gyaran farko bai toshe ta gaba ɗaya ba, sai da aka fitar da 2.4.51.

Babban haɗarin yana kan sabar da aka bari ba a sabunta ba. An daina kula da jerin 1.3 a 2010, an kuma daina na 2.2 a 2017, don haka duk shafin da ke kansu ba ya samun gyaran tsaro daga masu aikin. Amincin Apache nan gaba ya rataya ne kan samun masu kula da ita, da kuma masu shafukan da ke saka gyara da zarar ya fito.