Zaɓen Hanyar Faɗaɗa Hoton Dijital

Kowane hoton dijital an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu launi. Hoto mai ɗigo 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo zai fita sarai a takarda mai inci 4 da inci 6, domin kowane inci ya sami ɗigo 300. Idan malami zai mayar da shi babban hoton bango don koyarwa, dole manhaja ta cike gurbin ɗigogin da babu.

Hanya ta farko ita ce ta lissafi. Manhajoji irin su Photoshop da GIMP, wadda kyauta ce, sukan auna ɗigo 16 na kewaye don tsayar da launin sabon ɗigo. Hoton yakan ɗan dushe, amma ba a yi masa ƙari.

Ta biyu ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, kamar Super Resolution da kamfanin Adobe ya fitar a 2021. Takan fito da hoto tangaran, sai dai hasashe take yi.

Saboda haka, wajen faɗaɗa hoton tsohon rubutun ajami, hanyar lissafi ta fi aminci, domin ɗigo ɗaya da na'ura ta ƙago yana iya sauya harafi, ɗalibai su karanta kuskure.