KIWON KAJIN NAMA: TSOKA AKE NEMA, BA KITSE BA

Jama'a masu kiwo, bayaninmu na wannan wata a kan abincin kajin nama ne, wato kajin gidan gona da ake kira buroila. Waɗannan kaji ba kamar kajinmu na gida suke ba, masu yawo suna tono. Iri ne da aka zaɓa domin saurin girma. In sun sami kulawa, cikin mako 6 zuwa 7 kaza ɗaya takan kai kilo 2 ko fiye. Amma duk wannan ya dogara ga abin da aka zuba masu. Ku sani, cikin kowace Naira 100 da mai kiwo ke kashewa, wajen Naira 60 zuwa 70 a abinci take tafiya. Saboda haka a nan riba take, a nan kuma hasara take.

MENE NE KUZARIN ABINCI?

Manyan abubuwa biyu kaza ke nema a abincinta. Na farko shi ne mai ba da kuzari, irin su masara da dawa da mai. Na biyu shi ne mai gina jiki, wanda ake kira furotin, ana samunsa a waken suya da ƙuli-ƙuli da garin kifi. A misali, furotin shi ne tubalin da ake gina tsoka da shi, kuzari kuwa shi ne ƙarfin magini. In tubali ya taru ba ƙarfi, gini ba zai tashi ba. In kuma ga ƙarfi ba tubali, aikin banza ne.

Ana auna kuzari da ma'aunin da ake kira kilokalori. Kilo ɗaya na masara yana ba kaza wajen 3,300. Farar dawa da kaura suna kusa da haka. Dusar alkama ba ta kai 2,000 ba. Shi kuwa mai, irin su manja da man waken suya, ya ninka masara fiye da sau biyu.

IDAN KUZARI YA YI KAƊAN

Kaza takan ci abinci ne domin ta biya bukatarta ta kuzari. Wani mai kiwo, don neman sauƙi, sai ya cika abinci da dusa. Kaza ta yi ta ci ba ta ƙoshi, cikinta ya cika amma bukata ba ta biya ba. Daga nan sai jikinta ya riƙa ƙona furotin don ya sami ƙarfi, maimakon ya gina tsoka da shi. Kazar da ya kamata a sayar a mako 7 sai ta kai mako 10, ƙirji ba nama. Da abinci mai kyau, kilo 2 ko ƙasa da haka ya isa ya ƙara wa kaza nauyin kilo 1. Da dusa kuwa buhuna za su yi ta ƙarewa. Araha ba ta ado.

IDAN KUZARI YA YI YAWA

Wani kuma sai ya dage da zallar masara, ko ya tuttula manja, wai don kaji su yi nauyi kafin Salla. To, zafin nema ba ya kawo samu. In kuzari ya yi yawa, kaza takan ƙoshi da wuri, ta rage ci, furotin ɗin da ke shiga cikinta ya ragu. Rarar kuzarin sai ta koma kitse, ya taru a ciki da jikin hanji da ƙarƙashin fata.

A sikeli kazar tana da nauyi, amma ranar yanka asiri ke tonuwa. Kitsen ciki tare da hanji ake cire shi. Wanda ya rage kuma, da mai gashi ya ɗora kazar a wuta sai ya narke, ta tsuke. Mai saye da ya gamu da haka sau ɗaya, da wuya ya dawo.

Tura kaji su yi girman da ya wuce kima yana da nasa haɗarin. Ƙafafu kan kasa ɗaukar jiki, ruwa kan taru a ciki, wata ma ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Naman ƙirji kuma yakan yi fararen zane, ko ya yi tauri.

Irin man da aka zuba shi ma yana fitowa a nama. Man waken suya yana sa kitsen kaza laushi, irin wannan nama ba ya jure ajiya. Garin kifi in ya yi yawa yana sa ƙarni. Masara mai ruwan ɗorawa tana sa fata ta yi launin ɗorawa.

YADDA ZA A DAIDAITA

1. Daga ƙyanƙyasa zuwa mako 3 ko 4, a ba 'yan tsaki abincin farko, wato sitata. Kuzarinsa wajen 3,000 ne a kilo, furotin kashi 22 zuwa 23 cikin 100.

2. Daga nan zuwa sayarwa a koma finisha. Kuzarinsa 3,100 zuwa 3,200, furotin kashi 18 zuwa 20. In za ku sayi buhu, ku karanta takardar da ke jikinsa.

3. Kada a sayi abincin kamfani a ƙara masa masara ko dusa don ya yi auki. Yin haka yana ɓata awon.

4. Mai haɗa nasa ya yi awo da sikeli, ba da kwano ba. Hatsi ya ɗan haura rabi, mai kuma kada ya wuce kilo 5 cikin kilo 100. A gasa waken suya, ɗanye yana hana girma.

5. A guji masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, da man da ya tsufa ya yi wari.

6. Da bazara kaji sukan rage ci saboda zafi. Ɗan mai yana taimakawa a lokacin, don narkewarsa ba ta ɗumama jiki kamar ta hatsi. A ba su abinci da sassafe da yamma, ruwa mai sanyi kuma kada ya yanke.

A ƙarshe, kowane mako ku kama kaji goma ku auna, ku rubuta nauyinsu da yawan abincin da suka ci. Ku kuma shafa ƙirjinsu. In ƙashi ya fito kamar wuƙa, abinci ya gaza. In ƙirji ya cika dam, aiki ya yi kyau. Kafin ku canza haɗi, ku nuna wa malamin gona ko likitan dabbobi na yankinku wannan lissafi. Allah ya sa albarka a kiwo, amin.