Ɗaukewar Jinin Al'ada: Yaushe Ya Kamata a Ga Likita?

Ana haihuwar 'ya mace da ƙwayayen haihuwa kimanin miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma ba ta ƙera sababbi. Daga cikinsu kusan 400 kawai ke nuna a tsawon rayuwarta, sauran kuwa su shanye sannu a hankali. Idan rumbun ya kusa ƙarewa, sai sinadarin estirojin ya ja baya, al'ada ta riƙa tsallake wata, har ta ɗauke. Galibi wannan yakan faru ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci ba sa tabbatar da shi sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin nan mace tana iya ɗaukar ciki.

Raguwar sinadarin ce ke kawo zafin da kan taso daga ƙirji zuwa fuska, da zufar dare, da rashin barci. A Kano, inda zafin bazara ya ishi kowa, sau da yawa akan ɗora laifin a kan yanayi, ko a sha maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Abin da ba ya nuna alama shi ne zaizayewar ƙashi, shi ya sa nono da zogale da tafiyar ƙasa suke da amfani.

Akwai maganin maye gurbin sinadarin. Wani babban bincike a Amurka ya tsorata mutane da shi a 2002, amma nazarin baya ya nuna cewa ga yawancin masu lafiya 'yan ƙasa da shekara 60 amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Wadda ta taɓa ciwon dajin mama ko daskarewar jini, bai dace da ita ba. Saboda haka ba magani ba ne na saye a kemis; sai likitan mata ya auna, kamar a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Babban abin lura shi ne jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa. Uwargida takan aika a tambayo malam hukuncin sallarta, wanda daidai ne, amma sai maganar ta tsaya nan. Wannan jini ba al'ada ba ne. Mafi yawan lokuta dalilinsa mai sauƙi ne, sai dai shi ne alamar farko ta ciwon dajin mahaifa, wanda akan warkar idan an gano shi da wuri. Ko ɗigo ɗaya ne, a kai ta asibiti.