Fihirisa: Hanyar Gano Layi Ɗaya Cikin Miliyoyi

A watan Disamba na shekarar 2021 aka bayyana wa duniya wata ɓaraka a cikin wata 'yar manhaja mai suna Log4j, wadda dubban manhajoji ke dogaro da ita wajen ajiye bayanan ayyukansu. Ɓarakar tana iya bai wa ɓarawo damar sarrafa kwamfutar wani daga nesa. Nan take injiniyoyi a ko'ina suka shiga neman amsar tambaya ɗaya: a waɗanne wurare ne aka yi amfani da ita, kuma tsohuwar siga ce ko sabuwa? Wanda ya makara wajen samun amsa, ƙofarsa a buɗe ta kwana.

Kowace manhaja da rubutu ake gina ta, wato jerin umarni da ake tsara wa kwamfuta layi bayan layi a cikin fayiloli. Rubutun yakan yi yawa ƙwarai. Alal misali, na ginshiƙin Linux kaɗai ya haura layi miliyan 30. Idan kwamfuta za ta karanta kowane fayil duk lokacin da aka nemi kalma guda, aikin zai ci lokaci.

Maganin wannan shi ne fihirisa, irin wanda ɗalibi ke gani a ƙarshen littafi. Kwamfuta takan karanta fayilolin sau ɗaya, ta tsinto kowace kalma, sannan ta rubuta jerin fayilolin da kalmar ta fito a ciki. Daga nan, in an zo nema, jerin kawai za ta duba. Shahararren kayan aikin da ke yin haka shi ne Lucene, wanda Doug Cutting ya rubuta da harshen Java a 1999, ya kuma koma hannun gidauniyar Apache a 2001. Kyauta ne, kowa na iya ɗauka ya haɗa da tasa manhajar.

Sai dai rubutun manhaja ba kamar na littafi ba ne. Masu rubuta shi sukan manne kalmomi biyu ko uku su zama suna ɗaya, kuma alama ƙarama kamar ɗigo tana sauya ma'ana. Don haka manhajar OpenGrok, wadda aka ƙirƙira a kamfanin Sun Microsystems bisa Lucene, take tantance kowane harshe da ƙa'idarsa, ta kuma bambance inda aka fara bayyana suna da inda aka ambace shi kawai.

Saura batun sigogi. Fayil guda yana iya shan gyara sau ɗaruruwa. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, tana adana kowane gyara tare da sunan mai shi, da ranar, da dalilin da ya bayar. Idan aka shigar da wannan tarihi cikin fihirisa, mai nema zai iya gano ranar da aka taɓa wani fayil da kuma wanda ya taɓa shi.

Amma fihirisa yana da sharaɗi: dole a riƙa sabunta shi duk lokacin da fayil ya canza. In ba haka ba, zai nuna cewa an toshe ko'ina, alhali akwai ƙofar da ta saura.