Cefanen Mai Ƙaramin Ƙarfi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, yau kafin mu shiga maganar farashi muna da magana a kan tukunyar gida. Mu ne muke auna wa mutane abinci daga safe har magariba, amma da yawa cikinmu in sun tashi ba da kuɗin cefane, sai ka ga abin ya ƙare a shinkafa da taliya da dunƙulen magi. Ciki ya cika, jiki bai samu komai ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, nama ya yi wa talaka nisa. To, shawararmu ita ce mai gida ya fara lissafinsa daga wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake abin gina jiki ne, wanda likitoci ke kira furotin, waken suya kuwa ya ma fi haka. Abin da gero da dawa suka rasa yana cikin wake, abin da wake ya rasa yana cikin hatsi. Shi ya sa garau-garau da ɗanwake da alala da ƙosai da koko ba abin rainawa ba ne, iyayenmu ba su yi kuskure ba. A soya gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa, a riƙa dama wa yaron da aka yaye. Awara ma tana tsayawa a gurbin tsoka.

Sai ganye. Zogale da rama da alayyafo da yakuwa da kuka, duk sun fi kabeji da latas araha, kuma ba su gaza su ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan manja abinci ne cikakke. A matsa lemon tsami a kai, yana taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa yana rage wannan, a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci. Daddawa da garin busasshen kifi ko ƙarago su rage yawan magi, domin gishirinsa ba ya yi wa mai hawan jini daɗi.

Maganar lokacin saye, ai ku ne malamanta. Wanda ya sayi tiya a Dawanau da kaka ba ɗaya yake da mai sayen ƙulli-ƙulli a bakin layi da damina ba. In kuɗin mutum ɗaya ba su kai ba, maƙwabta huɗu su haɗa su ɗauki buhu su raba. Tumatir da tattasai, idan na rani ya cika 'Yankaba har ana roƙon mai saye, a saya a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, ya san darajar kauɗa.

Amma ga inda muke son ku tsaya da kyau. Akwai arahar da ba araha ba ce. Gyaɗa ko masarar da ta sha danshi ta yi funfuna, cikinta akwai dafin da ke cin hanta a hankali, kuma wuta ba ta kashe shi, ko an dafa ko an soya. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda irin wannan masara. Kada a ce a niƙa ta a yi ƙuli ko kunu tunda ta yi sauƙi. A tsince baƙaƙen ƙwayoyi da masu ɗaci a zubar. Ruɓaɓɓen tumatir na gindin kwando shi ma haka.

Na biyu kuwa, gaskiya laifinmu ne mu masu ajiya. Wasu na zuba maganin ƙwari na feshi a cikin wake don gudun ƙwaro. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya saboda wannan. Kai jama'a! Bature ya mayar da shi, wa ya ci ke nan? Talakan da muka ce ya dogara da wake, shi da 'ya'yansa. Alhali ga buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS: a busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu don kansa ba magani. Jarka mai murfi in an cika ta taf ita ma tana yi. Mai saye kuma ya shinshina kafin a auna masa. In ya ji warin magani ya wuce gaba, ko an rage masa kuɗi.

Farashin hatsi da kayan miya na wannan mako yana shafi na gaba.