Ajiye Sanyi Cikin Ƙanƙara: Yadda Firiji Zai Jure Ɗaukewar Wuta

Duk mai firiji a garuruwanmu ya san abin da kan biyo bayan ɗaukewar wuta a watannin Maris da Afrilu: kafin gari ya waye nama ya sauya, mai sayar da zoɓo kuwa ta yi asarar jarinta. Dalili shi ne iskar da ke cikin firiji ba ta riƙe sanyi. Da zarar inji ya tsaya, zafi ya fara kutsawa ke nan.

Ƙanƙara ba haka take ba. Muddin tana narkewa, ba ta gusawa daga digiri 0, sai dai ta riƙa shanye zafin da ya shigo har ta ƙare. Zafin da kilo 1 na ƙanƙara ke sha kafin ya koma ruwa daidai yake da wanda zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Wannan ne ya sa masu ƙera firiji ke cusa ruwa, ko ruwan gishiri, ko wani irin kaki da ake samu daga man fetur, a cikin bangonsa: ya daskare idan akwai wuta, ya saki sanyi idan babu. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Randa da tukunya-cikin-tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, su ma da sauyawar ruwa suke sanyaya abu, illa dai nasu ruwan tururi yake komawa.

Akwai sauƙin wuta a ciki, domin inji kan rage yawan tashi da tsayawa. Amma a ganinmu babbar ribar ita ce sa'o'in da abinci zai yi bai lalace ba.

Magidanci zai iya gwadawa ba tare da kashe kuɗi ba. A zuba ruwa a gorunan roba, a bar ɗan fili a sama saboda ruwa na kumbura idan ya daskare, a jera su a ɓangaren ƙanƙara. In wuta ta tafi, a mayar da wasu kan shantar sama ta ɓangaren abinci, tunda sanyi ƙasa yake gangarowa, sannan a rage buɗe ƙofa. Kada a yi amfani da kwalba, fashewa take yi.

Ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomi kuwa, lamarin ya fi nauyi. Yawancin magungunan rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Firijin da aka zagaye cikinsa da ƙanƙara, da mai aiki da hasken rana kai tsaye ba tare da batir ba, duk a kan wannan dabara aka gina su. Saboda haka muna kira ga masu sayen kayan asibitocin karkara da su nemi irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, su kuma tambayi sa'o'i nawa yake riƙe sanyi a zafin digiri 43, wanda shi ne ma'aunin gwajin ƙasashe masu zafi irin tamu. Sai dai a kula: rigakafin ciwon hanta da na tetanus suna lalacewa idan suka daskare, don haka ba a jingina su da ƙanƙara ko da wuta ta kwana ba ta dawo ba.